Ɗan Amshi Ba Ya Gyara Waƙa: Martani Ga Mai Cewa Sabon Shiga Ya Fara Da Kwafin Rumbun Bayanai

Kwanakin baya wani marubuci mai sharhi kan harkar kwamfuta ya ba matasa masu koyon kula da rumbun bayanai wata shawara, kuma ta karɓu saboda daɗin da take da shi a kunne. Ya ce duk wanda aka damƙa wa rumbun bayanai, na asibiti ne ko na makaranta ko na kantin magani, aikinsa na farko shi ne ya kafa rumbu na biyu da zai riƙa kwafar duk abin da ya shiga na farkon nan take. Daga nan sai ya tattaro ƙananan rumbunan da ke warwatse a ofis ya zuba su a saba guda, wato babbar kwamfuta ɗaya. A ganinsa, da an yi waɗannan biyun an tsira daga asarar bayanai, an kuma huta da ɗawainiyar ajiyar ko-ta-kwana ta kowane dare. Har ya ƙara da cewa aikin bai wuce na yammaci guda ba.

A yi masa adalci, akwai gaskiya a wani ɓangare na maganarsa. Rumbun rakiya, wato wanda ke bin sawun babban rumbu yana kwafarsa, abu ne mai amfani ƙwarai. Idan faifan babbar saba ya mutu da tsakar rana, ana iya juya aiki kan na rakiyar cikin mintuna. Ana kuma iya tura masu zaro rahoton wata can, su daina danne masu shigar da bayanai. Haka nan ofishin da ke da rumbuna bakwai a kan kwamfutoci bakwai, kowacce da tata sigar manhajar, yana cikin wahalar da ya kamata a rage. Marubucin ya gane ciwon. Inda ya kuskure shi ne tsarin shan maganin, kuma irin wannan kuskuren kan sa yaro mai ƙwazo ya wayi gari da bayanan shekaru sun salwanta a hannunsa.

Sai an san yadda kwafin ke aiki kafin a gane dalili. A manhajar rumbun bayanai ta MySQL, babban rumbu yana rubuta kowane sauyi a wani kundi, rumbun rakiya kuma ya karanta kundin ya maimaita abin da ya gani. Wannan dabara tana cikin MySQL tun siga ta 3.23, a farkon shekarun 2000. Takwaransa PostgreSQL ma yana da nasa kundin da yake fara rubuta kowane sauyi a ciki kafin ya taɓa bayanan kansu, kuma tun siga ta 9.0 a shekarar 2010 ake iya kwararar da kundin kai tsaye zuwa wata saba. A duka biyun, rumbun rakiya ɗan amshin Shata ne. Abin da uban waƙa ya rera shi yake maimaitawa, ba ruwansa da ko an yi daidai ko an saki layi. Idan ma'aikaci ya ba da umarnin goge jadawalin marasa lafiya bisa kuskure, umarnin zai isa rumbun rakiya ya goge nasa kafin mai kuskuren ya ɗauke yatsansa daga maɓalli. Idan manhaja ta yi tuntuɓe ta mayar da farashin duk magunguna sifili, sifilin nan zai bayyana a rumbuna biyu. Idan ɓarawon intanet ya shigo da kalmar sirrin mai gida ya share komai, ɗan amshi zai taya shi.

Kenan kwafin yana kare mutum daga mutuwar na'ura. Ba ya kare shi daga kuskuren hannu, kuma sabon shiga ya fi fuskantar kuskuren hannu.

Marubucin ya nuna kamar da an kafa kwafin shi ke nan, sai a kwanta. Labarin kamfanin GitLab ya isa amsa. A daren 31 ga Janairun 2017, nauyi ya yi wa babban rumbunsu na PostgreSQL yawa, har rumbun rakiya ya kasa bin sawu. Tazarar ta yi nisan da babban rumbu ya riga ya zubar da sassan kundin da na rakiyar ke buƙata, don haka babu mafita sai a share na rakiyar a sake kwafo shi daga tushe. Wani injiniya ya yi ta fama da wannan aikin har dare ya raba. Cikin gajiya ya ba da umarnin share ma'ajiyar bayanai yana zaton yana kan sabar rakiya, alhali yana kan babbar. Ya farga cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ya tsayar, amma kimanin gigabait 300 sun riga sun tafi, saura kamar 4.5.

Rumbun rakiyar da ya kamata ya cece su fanko ne, domin an riga an share shi. Suka waiwayi ajiyar da manhajar pg_dump ke yi, suka tarar babu komai a inda ake zuba ta. Ashe manhajar da ke yin ajiyar ta siga 9.2 ce, rumbun kuma 9.6 ne, saboda haka kullum sai ta kasa. Saƙon imel da ke sanar da gazawar ma ba ya isa ga kowa, domin sabar da ke karɓar wasiƙun tana ƙin amsarsa. Abin da ya cece su wani hoton faifai ne da wani injiniya ya ɗauka da hannu kimanin awa shida kafin haɗarin, don wani gwaji dabam. Dawo da shi ya ci kusan awa 18. Sun yi asarar bayanan awanni shida, abin da ya shafi ayyuka kusan 5,000, sharhi kusan 5,000 da sababbin asusu kusan 700. Kamfanin da kansa ya wallafa wannan bayani dalla-dalla, har ya nuna aikin gyaran kai tsaye a YouTube.

Abin lura a nan shi ne haɗarin ya auku ne a wajen gyaran kwafin. Injiniyoyi ne ƙwararru, a kamfanin da sana'arsa ke nan. Yanzu a ɗauki matashin da ya gama koyon aiki watanni uku da suka wuce, a ba shi saba biyu masu suna kusan iri ɗaya, tagogi biyu baƙaƙe a buɗe a fuskar kwamfutarsa, a ce masa aikin na yammaci guda ne. Wannan ba taimako aka yi masa ba.

Akwai wani tarko kuma da marubucin bai ambata ba, alhali ya fi shafar mai aiki a Kano ko Maraɗi fiye da mai aiki a Landan. Don maganin irin matsalar da ta faro rikicin GitLab, PostgreSQL yana da wata dabara tun siga ta 9.4: babban rumbu ya yi wa na rakiya alƙawarin ba zai zubar da kundin ba sai ya tabbatar an karɓa. Alƙawari ne mai kyau, sai dai idan na rakiyar ya ɓace. Wuta ta ɗauke a reshe, janareta ya ƙi tashi, ko layin intanet ya yanke na kwanaki, babban rumbu zai ci gaba da tara kundi yana jira har faifansa ya cika maƙil, sannan shi ma ya tsaya cak. Sai a siga ta 13, a shekarar 2020, aka kawo hanyar sa wa tarin iyaka, kuma mai kula da rumbun ne zai sa iyakar da kansa. Yankewar layi kuwa ba baƙon abu ba ce a nan. Ranar 14 ga Maris ɗin 2024 manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a kusa da gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya tabarbare a Najeriya da Gana da maƙwabtansu, gyaran kuma ya ɗauki makonni. Wanda ya kafa rumbun rakiya a wata ƙasa bai san da wannan tarko ba, abin da ya kafa don kariya shi ne zai durƙusar da aikinsa.

Marubucin ya kuma yaba tsarin da ke miƙa ragama ga rumbun rakiya kai tsaye idan babban ya yi shiru, ba tare da an tashi kowa daga barci ba. Kamfanin GitHub ya ɗanɗana wannan ranar 21 ga Oktoban 2018. Ana wani gyara sai sadarwa ta yanke tsakanin cibiyoyinsu na gabashin Amurka na tsawon daƙiƙa 43 kacal. Manhajar Orchestrator da ke lura da rumbunansu na MySQL ta yi abin da aka tsara mata, ta naɗa rumbunan yammacin Amurka shugabanci. Da layin ya dawo sai aka tarar gabas na riƙe da wasu bayanai na 'yan daƙiƙoƙi da ba su isa yamma ba, yamma kuma ta fara karɓar sababbi da gabas ba ta sani ba. Sarki biyu a gari ɗaya. Sasanta su ba tare da zubar da bayanan mutane ba ya sa shafin GitHub ya yi awa 24 da minti 11 yana ɗingishi.

Yanzu a koma kan rabi na biyu na shawarar, wato haɗe rumbuna. A nan marubucin ya ɗauki bayanai kamar gero, a juye buhu uku a rumbu ɗaya a rufe. Kalmar haɗewa kuwa tana ɗauke da ayyuka biyu da bai bambance ba. Na farko shi ne a kwaso rumbuna dabam-dabam a zaunar da su a saba ɗaya, kowanne a ɗakinsa. Wannan yana da sauƙi, kodayake daga ranar duk wanda ya yi atishawa sauran za su ji: rahoto ɗaya mai nauyi daga sashen kuɗi zai iya tsayar da mai karɓar kati a bakin ƙofa. Na biyu shi ne a narkar da su su zama rumbu guda, kuma a nan ne aikin gaske yake.

A ɗauki misalin asibiti mai rassa biyu, kowane reshe da rumbunsa. Kowane rumbu ya fara ba marasa lafiya lamba daga 1. Lamba ta 412 a wannan reshe wata dattijuwa ce mai hawan jini, a wancan kuma jariri ne. Duk sakamakon gwaji da takardar magani an ɗaure su ne da wannan lamba. Wanda ya juye jadawali a kan jadawali ba tare da ya sake raba lambobi ya bi kowace igiya ya gyara ba, ko dai rumbun ya ƙi karɓa, wanda shi ne sa'a, ko kuma maganin dattijuwa ya koma kan fayil ɗin jariri. MySQL yana iya kwararo bayanai daga rumbuna da yawa zuwa ɗaya tun siga ta 5.7, amma takardunsa sun faɗa ƙarara cewa ba ya sasanta karo tsakaninsu, wannan aikin mai shi ne. Irin kwafin da PostgreSQL ya kawo a siga ta 10 a shekarar 2017, wanda ake amfani da shi wajen haɗewa, ba ya ɗauko sauyin fasalin jadawali, ba ya kuma ɗauko inda ƙirgar lambobi ta tsaya. Mai mantawa da wannan zai buɗe sabon rumbu ya tarar yana ƙoƙarin ba sabon mara lafiya lamba ta 1.

Sai maganar sunaye, wadda duk Bahaushe ya sani a jikinsa. Mutum ɗaya ne Muhammad a wannan rajista, Mohammed a waccan, Muhammadu a ta uku, a gida kuma Mamman. Ɗan'uwansa da ya yi karatu a Damagaram an rubuta shi Aboubacar, da ya zo Katsina ya zama Abubakar. Wani ya sa sunan mahaifi a matsayin sunan ƙarshe, a wata takardar ya sa sunan garinsu. A gefe guda kuma, unguwa ɗaya tana iya samun Aisha Ibrahim goma, kuma ba mutum ɗaya ba ne. Babu umarnin kwamfuta da zai raba wannan gardama shi kaɗai. Tun da gwamnatin Najeriya ta ba da umarnin haɗa layukan waya da lambar NIN a Disambar 2020, mutane da yawa sun sha layi don kawai suna ko ranar haihuwa a wata rajista ya saɓa da na wata. Hukumar zaɓe ta INEC, da take da hoton yatsa da na fuska a hannu, ta sanar a Oktoban 2022 cewa cikin sababbin masu rajista sama da miliyan 12 ta soke kimanin miliyan 2.78, saboda rajista fiye da sau ɗaya da wasu dalilai. Ƙaramin ofis ba shi da hoton yatsa. Abin da yake da shi suna ne da lambar waya da ranar haihuwa, wadda ita ma sau da yawa ƙiyasi ce aka rubuta 1 ga Janairu.

Haruffanmu ma suna da nasu rabon. Har zuwa siga ta 5.7, MySQL yana zuwa ne da tsarin haruffa na latin1, wanda ba shi da ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ. Sai a siga ta 8.0 a shekarar 2018 aka mayar da utf8mb4 ya zama na asali. Idan aka haɗa tsohon rumbu da sabo ba tare da an duba wannan ba, Ɗanladi da Ƙanƙara suna iya fitowa da alamar tambaya a madadin harafin farko, ko da wasu tarkacen alamomi marasa ma'ana. Mai neman fayil ya rubuta sunan daidai, kwamfuta ta ce babu shi. Idan kuma an riga an share tsohon rumbun, harafin da ya zama alamar tambaya ba ya dawowa.

Mafi haɗari a shawarar shi ne cewa a yi kwafin da haɗewar lokaci guda a kuma daina ajiyar dare. Taura biyu ba ta taunuwa. Duk kuskuren da aka tafka wajen haɗewa, rumbun rakiya zai kwafe shi da aminci, tsofaffin rumbunan da za a koma a duba kuma an riga an kashe su. Bayanan da a da suke a wurare bakwai, ta yadda gobara a ɗaki ɗaya ba za ta cinye duka ba, yanzu suna wuri ɗaya da inuwarsa. Idan saba biyun suna gini ɗaya, to wuta ɗaya ta ishe su. A daren 10 ga Maris ɗin 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, kuma wasu abokan cinikinsa sun rasa bayanansu har abada domin ajiyarsu ma a harabar take.

To, da me sabon shiga zai fara? Da abin da marubucin ya ce a huta da shi. Ya tsara ajiya ta kowane dare, ya kai kwafinta wani gini dabam. Masu harkar suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a nesa. Sannan ya yi abin da GitLab ba su yi ba kafin wancan daren, wato ya ɗauki ajiyar ya dawo da ita a kan wata kwamfuta fanko, ya buɗe, ya ƙirga layuka, ya nemi sunan wanda aka shigar jiya da yamma ya ga ko yana nan. Ya riƙe agogo ya san minti nawa aikin ya ci, domin ranar da abin ya faru tambayar farko da shugaban ofis zai yi ita ce yaushe za a dawo aiki. Ya kuma tsara sanarwar ta yadda shiru kansa zai zama ƙararrawa: idan saƙon nasara bai iso da safe ba, a bincika.

Bayan wannan sai ya koyi adana kundin sauye-sauye, wanda ke ba da damar mayar da rumbu daidai yadda yake a wani minti da aka zaɓa, misali ƙarfe 10:14, minti ɗaya kafin a yi ɓarnar. PostgreSQL yana da wannan tun siga ta 8.0 a shekarar 2005, MySQL ma ana yin haka da nasa kundin. Wanda ya iya wannan ya riga ya fahimci rabin aikin kwafi, domin kundin ɗaya ne.

Sai a mataki na uku rumbun rakiya zai shigo, kuma a kan kwamfutocin gwaji tukuna. Ya kafa shi, ya zare wayar sadarwa da gangan, ya ga yadda tazara ke ƙaruwa da yadda faifai ke cika. Ya kashe babban ya miƙa ragama da hannunsa, sannan ya koyi mayar da tsohon a matsayin mabiyi. Ya ba sabobin sunaye da launukan fuska da ko cikin magagin barci ba za a rikita su ba. Idan yana son rumbun rakiya ya kare shi daga kuskuren hannu, akwai hanya: MySQL tun 5.6 da PostgreSQL tun 9.4 suna ba da damar a ce wa ɗan amshi ya jinkirta, ya riƙa bin baya da awa ɗaya ko fiye, ta yadda za a iya tsayar da shi kafin mugun umarni ya iso gare shi.

Haɗewa ita ce ta ƙarshe, rumbu ɗaya bayan ɗaya. Kafin a taɓa komai a zauna da mutanen da ke amfani da bayanan, magatakarda da akanta da mai ba da kati, domin su suka san cewa Hajiya Binta ta fayil na 88 ita ce Fatima ta fayil na 1,203. A ajiye jadawalin da ke nuna tsohuwar lamba da sabuwa ga kowane mutum. A gwada ƙirga da jimillar kuɗi kafin da bayan. Tsohon rumbu kuma a bar shi a kulle, ana karantawa ba a rubutawa, har a rufe lissafin wata biyu ko uku a ga komai ya daidaita.

Wannan hanya ta fi yammaci guda tsawo, tana iya cin watanni, kuma a makonnin farko babu abin burgewa da matashin zai nuna wa maigidansa sai takarda mai ɗauke da kwanan wata da mintunan da dawo da ajiya ya ci. GitLab ma a nan suka koma bayan haɗarinsu. Cikin gyare-gyaren da suka lissafa a rahotonsu akwai sa ido a kan ko ajiya tana gudana, gwada dawo da ita ta hanyar na'ura a kai a kai, da ɗora alhakin tsaron bayanan a wuyan wani takamaiman ma'aikaci, domin kafin ranar 31 ga Janairun 2017 babu wanda aka ɗora wa gwada ajiyar.